Idon wardin da Hamani ya ɗaure mini

Labarin ya iso ni da safiyar nan, jikata na kan cinyata. Hamani mai lambun furanni na unguwar Saga ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku da kuke bibiyata kun san wata guda ke nan ba ni da zance sai na wannan jaririya, jikata ta fari. Na cika muku salula da hotuna. Yau ga abin da na zo da shi.

Tun ina direba na san Hamani. Bazabarme ne, Hausarsa a karkace, bai taɓa kirana da sunana ba sai "Ɗan Maraɗi".

Yana da wani tsohon wardi da ya samo a gidan Turawan da ya yi wa aiki yana saurayi. Fure ɗaya tak yake yi a kan dogon kara, babba, ja mai haske kamar cikin tafin jinjiri. Ƙanshinsa kan riga ka zuwa ƙofa. Ya ce can ƙasar Turawan aka haɗa wardi iri biyu aka same shi, shi ya sa ba a shuka ƙwayarsa, sai ta fito wani abu daban. Kuma saiwarsa ba ta jure zafin Yamai. Sai dai a yi masa aure: a yanko ido guda, wato ɗan tohon da ke gindin ganye, a tsaga bawon wardin daji, a cusa, a ɗaure.

Da na fara karatun yamma da furfura a kaina, shi ya kawo mini ƙarfen sunan furen na karanta masa. Tsatsa ta cinye, harafi uku na iya fitarwa. Ya ce, "Uku ma ai ka fi ni."

Ya taɓa ba ni dashe guda. Na ga wani reshe mai ƙarfi ya taso daga ƙasa, na yi ta ba shi ruwa, na datse siririn. Ashe na dajin na raina. Hamani ya riƙe kai.

"Ɗan Maraɗi, kai da ka yi lakkwal, ka iya karatu! Ƙirga ganye. Biyar namu ne, bakwai na daji ne."

Bana gara ta ci uwar itacen nasa. Ido ɗaya ya tsira da shi, kuma nan gidana a unguwar Bobiel ya kawo shi, kwana biyu bayan suna. Ya tsuguna gaban tukunyar wani wardin daji da rezarsa da zare, yana haki. Na ce ya huta, ya ƙi, ya nuna jikata.

"Na amaryarka ne, ba naka ba. Kar ka taɓa. Bayan sati uku ni zan zo in kwance, hannunka na sitiyari ne."

Ya bar ɗan guntun karan ganye a jikin idon. Ya ce in an taɓa ya faɗi da kansa, aure ya kama. In ya bushe ya manne, shi ke nan, irin ya ƙare.

Jibi ne sati ukun.

Mun dawo daga jana'iza, na daɗe tsaye gaban tukunyar, ina jin kamar zai shigo ya daka mini tsawa. Na yi bisimilla na sa ɗan yatsa.

Guntun karan ya faɗi. Idon kore shar.

Na juya in gaya masa.

Jibi ni zan kwance zaren, Hamani. Zan ƙirga ganye. In yarinyar nan ta yi wayo zan gaya mata wanda ya tsuguna dominta.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka yadda ka shayar da abin da ba ya iya roƙo, Ya ba iyalinka haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce.