Mai Tsaga da Wayarsa a Tashar Madarunfa

Tun ranar da ƴan bindiga suka tare motarmu a hanyar Gabi, ina dawowa daga jami'a da takardar lisansi, wato digirina, hannuna bai daina rawa ba. Yau ma ina tashar Madarunfa, na kasa shiga mota.

Ga wani mutum a gabana, zai yi arba'in, shaddarsa da karin guga, tafin hannunsa duk kanta. Ina jin manomi ne, wataƙila matarsa ce ta rasu. Ya miƙo mini waya.

"Ƙanena, ɗauke ni hoto. A shafin neman aure wata ƴar garin Safo ta ce sai ta ga fuska."

Na farko ya fito dishi-dishi. Na biyu wayar ta gyara shi da kanta, ta shafe tsagar kumatunsa.

"Kai, wannan ba ni ba ne! Maido mani tsagata, ta san gidan da za ta shiga."

Dariya ta kama ni. Na uku ya fito tas, hannuna ko motsi.

Ya aika mata. Muna zaune a inuwa, wayar a cinyarsa. Har yanzu ba ta amsa ba.