Yumɓu a Rumbun Baba

A shekarun da tsada ta sa jami'a ta daina sayen kayan gwaji, ina tsakiyar bincike a kan ƙwayoyin ƙarfen nikel, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Aikinsu hanzarta haɗuwar sinadarai. Amma sai an shimfiɗa su a kan wani abu, kuma abin da suka zauna a kai shi ke juya halinsu.

Farin garin da ake kawowa daga waje don a shimfiɗa su a kai ya gagare mu, sai na koma na gida. A kan gawayi suka yi lalaci. A kan tokar buntun shinkafa suka dunƙule kamar garin da ya sha raɓa. Amma a kan yumɓun kududdufin bayan gidanmu, can wajen Kunci, suka baje, suka yi aiki har malamina ya goge tabarau ya sake dubawa. Na gwada yumɓun wasu garuruwa, bai kama ƙafarsa ba. Digirina kaf ya rataya a kan ramin da muka yi wanka a ciki muna yara.

Da na zo hutu, na tarar Baba ya fara cike kududdufin da shara da toka. A wajenmu gona na jingine da gona, ba a barin taku ɗaya a banza, ga shi gero ya ƙare tun kafin bazara.

"Masara zan zuba a nan," in ji shi. "Ka ga fuskarka kuwa?"

"Ba komai, Baba."

Me zan ce? Tuwo ƙannena ke nema. Inna kawai na faɗa wa, ita ma a tsaitsaye. Na ɗebi yumɓun da jaka za ta ɗauka, na koma makaranta raina a jagule, don na san ba zai kai ni ƙarshe ba.

Da kaka na dawo, yumɓun jakar ya ƙare. Masara ta yi kyau a inda ramin yake, na wuce ban ko kalle ta ba. Bayan la'asar Baba ya ce in hau in duba masa babban rumbu. Na ɗaga murfi. Curin yumɓu ne jere, busasshe, har wuya, kowanne da shatin yatsunsa.

"Bana ba shi da abin riƙewa," ya ce daga ƙasa. "Innarka ta faɗa mini. Na ce ya riƙe maka naka."

Na daɗe a saman rumbun ban sauko ba, don kada ya ga idona.