Barewar Hansatu Mai Ƙuli

A Nariya idan ka ce Hansatu sai an tambaye ka wacce, amma idan ka ce Hansatu mai ƙuli, ko yaro zai kai ka gidan. Shi ne na ƙarshe kafin a faɗa gonaki ta yamma. Tun tana amarya take matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, kuma da sana'ar nan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, Malam Ƙasimu. Mace ce mai kyauta, baƙo ba ya fita gidanta da yunwa. Hali ɗaya gare ta da kowa ya sani: abin da ta rena da hannunta, ba ta son ta ga ya saba da wani. Da 'yarta Ramlat ta yi aure a Rano, ta zo ganin gida tana yabon miyar surukarta, har ta koma Hansatu ba ta sakar mata fuska ba.

'Ya'yan duk sun watse, saura autanta Mujahid, mai yin acaba tsakanin Kibiya da Rano, shi ma sai yamma take ganinsa. A wannan zaman kaɗaicin ne, wata damina, Bafulatanar da ke kawo mata nono ta shigo da 'yar barewa rungume a zane. Ta ce karnukan 'yan farauta ne suka kashe uwar, yaransu suka tsinci 'yar a cikin ciyawa tana rawar sanyi. Hansatu ta karɓa ba ta ko yi shawara da kowa ba. Ta nemo tsohuwar fidar shan madarar jikarta, ta tatsi akuya, ta ɗora 'yar barewar a cinya tana ɗura mata. Da yake ana tsakiyar ruwan marka aka kawo ta, sai ta sa mata suna Marka.

Barewa ta yi ƙaranci a dajinmu, yara da yawa ba su taɓa ganinta ba sai a hoto, don haka gidan Hansatu ya zama wurin kallo. Tana barin kowa ya kalla, amma ba ta barin a taɓa. Marka ta girma tana bin ta ko'ina. In Hansatu na tuƙin tunkuza tana kwance a gefen turmi, in ta fita rijiya tana bayanta. Akwai abin da take yi wanda Hansatu ke so ƙwarai: sai ta zo ta cusa hancinta a tafin hannunta ta tsaya shiru, kamar mai gaisuwa.

Da ƙahonninta suka fito sai rigima ta fara. Ta koyi tsallake danga, ta cinye wa Malam Habu maƙwabci wake har sau biyu. Wasu suka fara taya ta, suna cewa namanta ya fi na rago. Rannan kuma karen wani ya biyo ta har ƙofar gida ya yage mata cinya. Hansatu ta yi ta jinya da ruwan zafi da man shanu, ciwon yana ƙara kumbura.

Mujahid ne ya kawo maganar. Ya ce a bayan Rurum, a jikin wani dutse, an kewaye wuri ana tara namun dajin da suka kusa ƙarewa a yankin, ana kula da su, mutane kuma na zuwa kallo da iyalansu. Ya sha kai fasinja can. Akwai likitan dabbobi, akwai wasu bareyin.

"Inna, in ta zauna a nan, ko kare ya ƙarasa ta ko wani ya yi miya da ita," in ji shi. "Can kuwa duk ranar da kika so zan ɗauke ki mu je."

"Wa zai san ba ta shan ruwan da ya kwana?"

"Sai ki gaya musu."

Ta yi ta jan maganar har ciwon ya fara wari, sannan ta yarda. Ranar da motar wurin ta zo, ta shige ɗaki ta ce kada wanda ya kira ta.

Ba ta je ba sai da ƙaramar Salla ta zagayo. Ramlat ce ta shirya tafiyar, ita da mijinta da 'ya'yanta, suka ɗauko ƙaramar bas daga Rano suka biyo ta Nariya. Hansatu ta ɗaura sabuwar atamfa, ta ƙulle dusa da kanwa a leda, ta ɗebi harawa mai kyau. A hanya ba ta bar kowa ya yi magana ba. Ta ce wa jikokinta su zuba ido su gani, da Marka ta ji muryarta, ko a kan dutsen take sai ta sauko da gudu. Ta ce Allah ya sa dai shingen yana da ƙwari.

A bakin ƙofa mai gadi ya duba ledar, ya ce ba a shiga da abincin dabbobi.

"Ba na dabbobi ba ne, na 'yata ne," in ji Hansatu.

Mai gadin ya yi dariya ya ce ta yi haƙuri, doka ce, ta ajiye in ta fito ta ɗauka. Da wannan ɓacin ran ta fara hawa.

Wurin ya cika da 'yan yawon Salla. An sassaƙa matakala a jikin dutsen, hanya tana lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu da itatuwa. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi a inuwa suna cin abinci, 'yan mata na ɗaukar hoto da waya. Jikokinta suka tsaya wajen birai suka ƙi tafiya, suka tsaya wajen kada, suka tsaya wajen wani ƙaton kunkuru da ke cin ganye a hankali. Hansatu ba ta kalli ko ɗaya ba. Gwiwarta na ciwo amma ita ce a gaba, tana tambayar duk wanda ta gamu da shi ina bareyi suke.

Suna can sama, a wani fili mai faɗi da aka kewaye da waya, daga nan ana hango gonakin Rurum shimfiɗe a ƙasa. Bareyin na kiwo a nesa. Ta gane Marka nan take saboda tabon cinya. Ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. Hansatu ta kama wayar shingen da hannu biyu ta yi kira irin yadda ta saba. Marka ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, ta dube su. Sai ta sunkuya ta ci gaba da cin ciyawa.

"Iya, ba ta zo ba," in ji Fatima Zahra'u, babbar jikarta.

"Hayaniya ce ta yi yawa. Ku yi mini shiru."

Ta sake kira, ta ƙara, har mutanen da ke kusa suka fara waigowa. Ana cikin haka wata budurwa ta buɗe ƙofar shingen ta shiga, sanye da koriyar rigar aiki a kan hijabi, da bokiti a hannu. Ba ta ma yi kira ba, ɗan fito kawai ta yi. Marka ta bar 'yan uwanta ta taho da sassarfa, ta zo ta cusa hancinta a tafin hannun yarinyar ta tsaya shiru.

Ramlat ta ce daga baya ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ta canja haka ba. Hansatu ta saki shingen, ta gyara mayafi, ta juya tana kallon gonaki.

Mujahid ya san yarinyar. Sunanta Maijidda, 'yar Rano ce, ta yi karatun kiwon dabbobi. Ya kira ta, ta zo ta durƙusa ta gaishe da Hansatu da ladabi.

"Mama, ashe ke ce kika rene ta. Sannu da ƙoƙari. Da wuya ƙaramar barewa ta rayu a hannun mutum."

"Ta rame," in ji Hansatu.

Maijidda ta waiga ta dubi Marka, ba ta musa ba. Ta ce in Mama na so ta shigo da ita ciki ta gan ta sosai.

"A'a. Na gan ta daga nan."

Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne jikokin. Suka yanyame Maijidda da tambayoyi: me barewa ke ci, tana barci a tsaye, me ya sa ake tara su a nan. Ita kuma tana ba su amsa, tana gaya musu cewa in bareyin sun yi yawa za a mayar da wasu daji inda ba a farauta. Fatima Zahra'u ta riƙe mata bokiti, ta ce in ta girma irin aikin Anti Maijidda za ta yi. Yarinyar da Hansatu ta goya, wadda kullum take cewa ƙuli za ta gada. Da aka shimfiɗa tabarma aka buɗe kular shinkafa, Hansatu ta ce ba ta jin yunwa. Ramlat ta zuba wa Maijidda a faranti ta aika mata, uwar tana kallon farantin har ya ɓace.

Da suka dawo Nariya, duk wanda ya tambaye ta labarin Marka sai ta ce an bar ta da yunwa, shi ya sa take bin duk mai bokiti. Ta ce yarinyar nan wani abu take shafawa a hannu. Ta ce wurin ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, duwatsu ne kawai da warin biri. In Ramlat ta kira a waya ta ba Fatima Zahra'u su gaisa, sai Hansatu ta ce mata, "Ina antin taki? Ai na zata kin koma can da zama." Ta matsa wa Mujahid ya je ya ce a dawo mata da abarta. Ya yi ta kauce-kauce, yau ya ce babur ya lalace, gobe ya ce bai sami shugaban wurin ba.

Bayan an yi girbi ta gaji da jiransa. Wata Talata da safe ta tare wani ɗan acaba a bakin hanya ta ce ya kai ta dutsen Rurum. Ranar babu 'yan kallo, sai ma'aikata na shara. Ta hau dutsen ita kaɗai tana hutawa a kan matakala, ta tarar da Maijidda tana wanke kwamin ruwa.

"Na zo in tafi da Marka."

Maijidda ta ajiye tsintsiya, ta kawo mata benci. Ta ce wannan ba a hannunta yake ba, amma ko da a hannunta yake ba za ta so a ɗaga Marka yanzu ba, domin ciki gare ta. Hansatu ta zauna a kan bencin. Ba ta yi zaton wannan ba, kuma ta ji haushin cewa wata ce ta riga ta sani.

Wannan karon da aka ce ta shiga, ta shiga. Ta tsuguna a inda Maijidda ta nuna mata, ba ta yi kira ba. An daɗe kafin Marka ta matso, tana tafiya tana tsayawa. Ta shinshina gefen zanen Hansatu, inda ƙanshin man gyaɗa ya kama, ta ɗan ja shi da baki. Hansatu ta miƙa tafin hannu a hankali. Marka ta dube shi, sai wani namijin barewa ya motsa a can gefe, ta juya ta bi shi.

"Ni ma haka take yi mini yanzu," in ji Maijidda. "Tun da ta shiga cikin 'yan uwanta sosai ta rage zuwa wurina. Ko na yi fito sai ta ga dama. Mu haka muke so, Mama. In ta saba da mutane da yawa, ranar da aka sake ta mafarauci za ta nufa da ƙafarta."

"Ke ma ba ta zuwa wurinki?"

"Ba kamar da ba."

"Yi fiton in gani."

Maijidda ta yi. Marka ta kaɗa kunne, ba ta ko juyo ba. Hansatu ta miƙe ta karkaɗe zaninta, fuskarta ta saki a karon farko tun ranar Salla. Har ta kwance bakin mayafi ta ba yarinyar ƙuli, ta ce ta ci, ba irin na kasuwa ba ne.

Ba ta ƙara maganar a dawo da Marka ba. Amma kada a ce ta huce. Har yau ba ta kiran Maijidda da sunanta, sai dai "yarinyar nan ta dutse". Takan sa Mujahid ya kai ta lokaci-lokaci, ta zauna a bakin shinge, ta sami abin kushewa, ko ruwan bai yi tsabta ba ko inuwar ta yi kaɗan, sannan ta dawo ta hura wutar suyarta.

Da Marka ta haihu, Maijidda ta turo hoto a wayar Mujahid, ta ce a nuna wa Mama jikarta. Hansatu ta goge hannu ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da ido. 'Yar barewar na kwance a ciyawa, ƙafafunta a naɗe, uwar na lasar ta. Ta daɗe tana kallo tana murmushi. Can sai ta sa yatsa a gefen hoton, inda wani abu ya ɗan shigo.

"Auta, wannan hannun waye?"

"Inna, reshen itace ne."

Ta ce ya ƙara girman hoton ta gani da kanta.