Kayan Jaririn da Aka Dawo Min da Su

Yau da safe wani mutum daga Rigasa ya yi sallama a ƙofar gidana riƙe da leda. Kayan jarirai ne da matarsa ta saya a wurina ta intanet.

Raina ya ɓaci. Manhajar da nake talla a kai tana riƙe kuɗin ciniki kwana bakwai, sai jiya ta sakar min.

Na ce, "Malam, lokacin mayar da kaya ya wuce fa."

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ba kuɗin nake so ba. Yaron ya koma tun kafin suna. Uwar ce ba ta iya kallonsu."

Na tura masa kuɗinsa. Har yanzu na kasa buɗe ledar.

'Yan'uwana masu sana'a, ku za ku iya sake tallar su?