Darmar da Na Ɓamɓare daga Ƙafar Lori

Ni ne mai laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Na yi wa dattijo ƙazafi a tsakiyar kasuwar Rano, alhali alheri ya yi mini. Sunana Mamman. Ina tuƙa lorin wani attajirin Kano, ina kwaso masa gyaɗa daga ƙauyuka, a zamanin da motocin da ke bin hanyarmu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Dattijon kuwa Baba Idi ne, maƙeri, aminin marigayi mahaifina, wanda ya taɓa aiki a garejin Turawa a Kano. Duk tafiyar da zan yi yana zaune a gefena.

Wata rana tayar gaba ta dama ta fashe, Baba ya sa mata faci mai kauri ta ciki, ni kuwa na tafi masallaci. Da na dawo daga masallaci sai na tarar da zanen alli a jikin tayar, ga kuma guntuwar darma an naɗe ta a ƙarfen ƙafar. Kwana biyu kafin nan ya yi mini faɗa a gaban jama'a saboda yawan gudu, ina cike da shi. Wani ɗan zaman kashe wando ya leƙa ya ce, "Mamman, wannan ai sammu ne." Ban tambayi Baba ba. Na ɓamɓare darmar, na ɗaga ta a kasuwa, na ce ga abin da maƙeri ya ɗaura don ya ga bayana, na wurga ta kududdufi. Abin da ya ce kawai, "Allah ya kiyaye hanya, ɗan nan."

Rana ta farko: Rano zuwa Kibiya

Na wana mota ta tashi bayan sallar asuba, ƙarfe shida saura kwata. Kullum sai na kori mutane saboda yawan masu neman a rage musu hanya, amma ranar ko mutum ɗaya bai zo ba. Da bakina na ce an yi wa lorin asiri, wa zai hau? A ƙofar gari ɗan doka ya ɗaga sanda.

"Yau ina tsohon naka?"

"Yana gida."

"To, Allah ya kai ka, in kuwa ba ka kai ba mun san dalili." Ya matsa can gefe kamar motar za ta cije shi.

Na yi kamar mil biyu lafiya. Da na sa babbar giya sai sitiyari ya kama kaɗuwa a hannuna kamar mai zazzaɓi. In na rage gudu ya lafa, in na ƙara ya dawo. Na ce a raina ragowar sammun ne, na yi ta karanta Ayatul Kursiyyu ina tofawa. Sau biyu na juya zan ce, "Baba, ka ji?" sai in ga buzunsa kawai a kan kujera. Tafiyar da ba ta kai mil goma ba ta ci mini awa ɗaya da rabi.

A Kibiya na sauka gidan Malam Sale, wakilin maigidana mai awon gyaɗa. Aka loda buhu ashirin. Na sayi fura ta kwabo, na sha a ƙarƙashin motar ni kaɗai, don waɗanda muka saba hira da su sun tsaya daga nesa suna nuna ƙafar da baki. Malam Sale ya ba ni ɗakin zaure. Akushin tuwon da aka kawo na mutum biyu ne, kamar yadda gidan suka saba. Na ci rabi, na rufe rabi.

Rana ta biyu: Kibiya zuwa Fammar da Fassi

Na tashi ƙarfe bakwai. Da kaya a bayan mota kaɗuwar ta ƙaru, har kafaɗuna suka yi tsami. Kafin Fammar, a wata gangara, sitiyarin ya kusa ƙwacewa, motar ta nufi gonar dawa, da kyar na dawo da ita. Na tsaya na fito. Ba kowa a wurin sai kurciyoyi. A Fammar na ɗauki buhu takwas, na sayi ƙosai na ɗari, wato rabin kwabo, ban zauna ba.

Na isa Fassi da azahar. A gindin tsamiyar da ake awo na tarar da wani mai jakuna, Malam Jibo, yana ɗora wa jakinsa mangala. Ɓangare ɗaya ya rinjaya. Ya duƙa ya ɗauki dutse ya jefa a ɗaya ɓangaren, kayan suka zauna daidai.

Na ce, "Malam, jakin yana fama da kaya, kana ƙara masa dutse?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Kai direba, ashe iliminka bai kai na jaki ba. Nauyi ba ya kashe dabba, karkata ke kashe ta. In nan ya yi nauyi, can kake sa wa dutse, daura da shi."

Bai san ni ba, sai ya ci gaba. "Ka ji labarin maƙerin Rano? Wai ya yi wa wani direba sammu. Manoma sun kwashe garemaninsu daga maƙerarsa, mata na janye 'ya'yansu daga ƙofar gidansa. An ce gobe in kasuwa ta watse zai tattara ya bar garin. Tsoho da furfura, ina zai je?"

Na koma wurin mota. Na ɗauko jak na ɗaga ƙafar dama, na juya ta da hannu kamar yadda na sha ganin Baba na yi ban taɓa tambayar dalili ba. Ta yi ta juyawa, ta tsaya, zanen allin yana ƙasa, daidai wurin facin. Na sake juyawa, nan ta tsaya. Na uku ma haka. Na ɗaga ido sama, daura da allin, ga gurbin darmar nan, har da karcen da na yi lokacin da nake ɓamɓararta. Ashe allin alamar wurin nauyi ne, darmar kuwa dutsen mangala ce.

Na ɗaure noti biyu da waya a gurbin, na juya. Wannan karon ba ta zaɓi wurin tsayawa ba.

Malam Jibo ya ce, "Lafiya, direba? Ka zauna a ƙasa kamar an yi maka rasuwa."

Na ce, "Ni ne direban da kake faɗa."

Ya kaɗa jakunansa ya tafi, ko sallama bai yi mini ba.

Na kwana a Fassi don leburori ba su gama lodi ba sai magariba.

Rana ta uku: Fassi zuwa Rano

Ƙarfe shida na kama hanya. Sitiyarin ya natsu a hannuna, sai ɗan motsi kaɗan, don notin bai kai darmar Baba daidaito ba. Ban tsaya a Kibiya ba, Malam Sale yana ɗaga mini hannu na wuce. Duk hanyar ina shirya maganar da zan yi, ina rushewa. Zuciya ta ce in bari sai kasuwa ta watse in sami Baba a gida, mu biyu. Amma ba a gida na ɓata shi ba.

Na shiga Rano ƙarfe goma da rabi, kasuwa ta cika. Na gode wa Allah da ya dawo da ni da raina, ban cancanta ba. Na tsayar da lorin a bakin rumfar maƙera. Wutar Baba a mace. Ya ɗaure zugazugi da guduma da awartaki a cikin taiki, yana zaune a kai, ba kowa kusa da shi.

Na danna oda har sai da mutane suka taru, har da mutumin da ya fara cewa sammu ne. Na cire hulata da takalmana, na durƙusa a cikin tokar maƙerar, na ɗaga murya yadda na ɗaga ta a wancan karon.

"Jama'a, ku shaida, ƙarya na yi wa Baba Idi. Darmar nan gyara ce, ya sa ta don kada mota ta kashe ni. Jahilcina ne da girman kaina. Baba, na ci mutuncinka a garin da aka haife ka. Kada ka tafi. Ka yafe mini don Allah."