Zanen da Ya Falmata Ta Rufe Ni da Shi

Ya Falmata ta rasu.

Da safen nan jikarta Hawwa ta kira ni daga Damagaram, ina tsaye a bakin randa da moɗa a hannu. Ta ce bayan sallar asuba ne, kuma ba ta sha wahala ba. Na yi salati, amma salatin bai fita daidai daga bakina ba. Hawwa ta ce, "Anti, ashe da gaske ne abin da tsohuwa ta faɗa."

Da gaske ne. Tun ranar Litinin bakina ya sāke karkacewa.

Na rubuta wannan na goge, na sake rubutawa. Ban tabbata ba ko ya dace in sa kaina cikin maganar wadda ta riga mu. Sai dai ban san yadda zan gaya muku ko wacece ita ba, in ban gaya muku abin da ta yi wa fuskata ba.

Waɗanda suka san Damagaram a shekarun 1980 za su tuna gidanta. Babarbariya ce, mai gyaran jiki. A Sudan ta koyo sana'ar, inda ta zauna shekaru a hanyarta ta dawowa daga Makka. Matan manyan ma'aikata da amare ke zuwa su wuni a wurinta. A yi musu tausa, a murje su da dilka, a shafa musu kurkum a fuska, a turara su, da la'asar su fito suna sheƙi.

Mu ba irin masu zuwa can ba ne.

Lokacin ban wuce shekara goma sha uku ba, muna ƙauyenmu kusa da Belbeji. Na ci sartifika, an ba ni wuri a koleji a Tanut. Ana gab da komawa lakwal, wato makaranta, wata safiya na ɗibi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen hagu. Bakina ya koma gefe guda. Idona na hagu ya ƙi rufewa.

Mutanen gari suka ce iska ce ta mare ni, don an gan ni na bi ta gindin aduwa da tsakar rana. Babana yana ci-rani a Libiya, gidan na hannun wansa, Baba Idi. Ya ce a kira wanzami ya sa ƙarfe a wuta ya ɗora mini bayan kunne da kumatu, haka aka saba. Maganar Tanut kuwa a ajiye ta, wa zai kai wannan fuska cikin mutane.

Na taɓa ganin matar da aka yi wa haka. Bakinta ya dawo, amma tabon yana nan har ta mutu.

Innata Bafulatanar Tenhya ce, ba ta da yawan magana. A bakin rijiya ta ji labarin Ya Falmata daga matar wani jandarma. Ta roƙi Baba Idi ya ba ta lokaci zuwa kasuwa ta zagayo, in mun dawo babu sauƙi a kira wanzamin. Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhunan gero, na ja mayafi na rufe komai sai ido ɗaya.

Ba zan manta shigarmu gidan ba. Mata ne kwance a kan gadaje, fuskokinsu duk an lulluɓe su da wani abu ruwan ɗorawa, idanu kaɗai ke motsi. Na ɗauka marasa lafiya ne, har na ce a raina ashe nawa da sauƙi. Sai ɗaya ta buɗe baki ta yi magana da Faransanci, sauran suka fashe da dariya.

Ya Falmata ta ɗaga mayafina ta duba. Abin da ta fara faɗa shi ne ido ba aikinta ba ne. Ta haɗa mu da wata maƙwabciyarta muka je wurin lokotoro, aka ba ni maganin ɗigawa, sannan muka dawo.

Akwai babban madubi a jikin bango. Kafin in ƙarasa gabansa Ya Falmata ta juya shi. Wata madam ta ce ita fa ta zo ne ta ga kanta. Ya Falmata ta ce mata ta yi haƙuri, mijinta zai gaya mata da yamma.

Sannan ta kwantar da ni.

A nan ne abin ya faru, kuma ina roƙon ku bi ni a hankali, don ita ba ta yi kome ba sai yadda take yi wa kowa. Ta kawo ruwan ɗumi da ganyen magarya a ciki, shi take wanke fuska da shi. Ta ja farin ƙyalle ta rufe ni tun daga ƙafa har wuya, don matan birni suna son fari, alamar tsabta ce. Turare na tashi a kasko. Gadon kuwa, yadda ɗakin yake, fuskata gabas take kallo. Ta ɗauko wani siririn ƙyalle ta ɗaure mini haɓa zuwa ka, don ta tallafi gefen da ya saki. Da ta ga idona a buɗe yake, sai ta sa yatsa ta rufe mini shi.

Inna ta binne ƙannena biyu a shekarar da fari ya ci dabbobinmu. Ta ga an kawo ruwan magarya. Ta ga an ɗaure haɓa. Da hannunta ta rufe musu ido.

Na ji muryarta daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Ɗauke hannunki daga idon 'yata."

Sai a lokacin ni ma na gane abin da take gani. Na so in ce Inna ina nan, amma haɓata a ɗaure, bakina a karkace, abin da ya fito bai yi kama da magana ba.

Wata daga cikin matan ta soma dariya. Ya Falmata ta dube ta sau ɗaya, dariyar ta tsaya.

Ta dubi ƙyallen, ta dubi ruwan, ta dubi Inna. Ta kwance mini haɓa. Ta yaye farin ta jefa bayan ƙofa. Ta fita da ruwan ta zubar, ta kawo wani babu ganye. Ta kama gadon ita kaɗai, ina kai, ta juya shi. Sannan ta cire zanen da ta yafa, atamfa ja mai zanen kifaye, ta rufe ni da shi. Yana da ɗumin jikinta.

Ta ce wa Inna, "Zo nan, Bafulatana. Zauna ki riƙe mata ƙafa. In kin ji ta yi sanyi ki gaya mini, mu gudu tare."

Kun san wasan Barebari da Fulani. Inna ta zauna tana haki, ta kama babban yatsan ƙafata. An jima ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda ake yi wa mai rai wanka irin wannan ba sai a gidan Barebari. Ya Falmata ta ce ai dole, tunda Fulani in ba ruwan sama ya kama su a daji ba, ba su san wanka ba. Na ji hannun Inna yana girgiza a ƙafata. Dariya take yi, ko kuka, har yau ban sani ba.

Haka muka yi kowace safiya. Man riɗi mai ɗumi, manyan yatsunta biyu daga haɓa zuwa kunne, daga gefen hanci zuwa ido, a hankali, ba ta taɓa yin ƙasa da hannu ba sai sama. Ta ba ni ƙaro in tauna ta gefen hagu. Ta sa ni in riƙa hura garwashin turarenta. Ta hana ni cin abinci a ɓoye, sai a tsakar gida tare da madam-madam ɗin, ba mayafi. In miya ta zubo, ita ma sai ta bar tata ta zubo, ta ce ladabin gidanta ke nan.

Kasuwa ta zagayo, ta sake zagayowa. Baba Idi ya aiko a dawo da ni. Ya Falmata ta ce wa ɗan aiken ya gaya masa ta riƙe Bafulatanar tana mata wanke-wanke, ba mai fita.

Ban riƙe tsawon zamanmu ba, lokacin ban fara rubuta abin da ke faruwa da ni kullum ba. Abin da na riƙe shi ne wata asuba ina alwala, ruwa ya tsaya a bakina bai zubo ba. Ran nan ta juyo da madubin.

Na shiga koleji a makare, amma na shiga, kuma fuskata babu tabo.

Da za mu tafi ta naɗe jan zanen ta ba Inna. Daga baya Hawwa ta gaya mini tun daga ranar tsohuwa ba ta ƙara rufe wanda ya zo daga daji da fari ba.

Shekaru bayan haka na karanta cewa irin wannan ciwo yakan warke da kansa. Abin ya dame ni, don ni mai yawan juya magana ce a rai. Na kai mata ziyara na gaya mata, ina jin kunya. Ta ce ai ta sani.

"Allah ne ke mayar da baki, Zuwaira. Nawa aikin kada a ƙona ki kafin ya mayar."

Ganinmu na ƙarshe bara ne, bayan babbar Salla. Idanunta sun tafi, yatsunta sun ƙandare. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce in matso. Ta bi fuskata da hannu, daga haɓa zuwa kunne, kamar dā. Ta ce aikinta yana nan, sai dai har yanzu ina cije haƙora kamar mai jiran mari. Ta tambaye ni me nake tsoro. Na ce babu. Ta ce 'yar Bafulatana ba ta iya ƙarya ba, ta gado.

Abin da nake tsoro ga shi.

Inna ma da fuska nata ya fara. Bakinta ya karkace da safe, kafin yamma hannu da ƙafa sun bi. A likita ta cika, a gadon asibiti mai farin ƙyalle, kuma ni na rufe mata ido.

Saboda haka ranar Litinin, da ruwan alwala ya zubo mini ta gefen hagu, na zauna a inda nake na kasa tashi. Tun daga nan nake gwada kaina. In ɗaga hannu biyu in ga ko ɗaya zai sauka. In damƙe moɗa da hagu. In taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida in dawo. Duk suna aiki. In na zauna sai in ce anya na gwada daidai, in sake tashi. Na aika wurin aiki cewa mura nake yi.

Ranar Laraba na kira Ya Falmata. Ban gama gaisuwa ba ta ce bakina ne, ko? Ta ji a muryata. Ta tambaye ni ko na je wurin lokotoro, na ce tukuna. Ta yi mini faɗa sosai. Ta ce yanzu ni ba yarinya ba ce, in je a auna jinina a ranar, kada in kwana. In sun sallame ni, in taho ranar Asabar.

"Hannuna sun mutu, amma na bar su wurin Hawwa. Ita za ta yi miki. Ni in zauna in riƙe ƙafar."

Na ce to. Ban je ba. Na sa hijabi har na kai ƙofar gida, na tuna gadon nan da ƙyallensa, na dawo. Na ce wa kaina in jira Asabar, in na gan ta tukuna zan iya.

Yau Juma'a. An riga an kai ta. A cikin fari, wanda ta yaye mini.

Ban san abin da za su ce mini ba. Wataƙila irin na dā ne, ya wuce. Wataƙila irin na Inna ne ke tafe a hankali. Ina rubutun nan da hannun hagu da gangan, kuma ina kallon yatsuna.

Amma maganarta ta ƙarshe gare ni umarni ce, kuma babu sauran wanda zan jira. Na buɗe adakar Inna na fito da jan zanen. Ya koɗe, kifayen sai an lura. 'Yata Nana ta sa takalmi tana tsaye a bakin ƙofa da shi a hannu. Na gaya mata in sun kwantar da ni ta shimfiɗa shi a kaina, ta zauna ta riƙe mini ƙafa. Ta tambaye ni don me. Na ce zan ba ta labari a hanya, in bakina ya yarda.

Ina ajiye wayar nan za mu tafi likita. In sun bar ni, gobe ina Damagaram gaisuwa, kuma ba zan rufe fuska ba.

Ya Allah, baiwarka Falmata ta zo gare ka. Ta ga tsoron wata uwa ta fahimce shi ba tare da an faɗa mata ba. Ka ɗauke mata tsoron kabari, ka yalwata mata shi, ka lulluɓe ta da rahamarka. Ka ba Hawwa da sauran iyalinta haƙuri. Ka haɗa ta da Innata a Aljanna su ci gaba da wasansu.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya karanta mata Ƙulhuwallahu kafin ya wuce. In ya gama, ni ma ya sa ni a addu'a. Ina jin tsoro.