Nema Wa Yayana Magani, Daga Bagwai Zuwa Birni

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na ƙasar Bagwai, ni da Inna da yayana, wanda dominsa aka yi tafiyar. Tun da ya dawo daga yaƙin Turawa bai koma daidai ba. Mutumin da a da shi ke ba da waƙa a wurin gayya, yanzu sai ya wuni a gindin rumbu bai ce uffan ba. In kuwa aka yi tsawa, sai ya zube rub da ciki yana ihu.

Damina ce, hanya duk caɓi, gero ya kai ƙugu, kana fita daga gonar wani kana faɗawa ta wani. Inna na kan jaki, mu muna biye. Jakin nan ya fi mu sanin ciwon kai, duk inuwar da ya gani sai ya tsaya.

A Tofa muka sauka wurin wani malami da aka yi mana kwatancensa, dattijo mai sanyin murya. Ya yi masa tofi, ya wanke allo ya ba shi, ya ce iska ce ta shige shi a ƙasar da ba a kiran salla. Yayana ya sha ya yi barci, har Inna ta fara murmushi. Washegari hadari ya haɗo. Da tsawar farko ya kifar da ƙwaryar koko, ya kutsa bayan tulin allunan malam. Malam ya ce, "Baiwar Allah, ni dai na yi nawa."

Sai birni. Furar da a gida baƙo ke sha kyauta, a can sai ka saya, kuma rabinta ruwa ne. Muka yi ta tambaya har muka sami gidan da ake ajiye masu taɓin hankali. Mutane ne zube a ƙasa, wasu da mari a ƙafa, wani na ta goga goshi a bango. Likita Bature ya leƙa idon yayana, ya ce ta bakin tafinta ba aljani ba ne, firgicin yaƙi ne, a bar shi nan. Inna ta nuna na cikin marin ta ce wa tafinta, "Ɗana, tambaye shi, wa ya taɓa fita?" Tafinta ya sunkuyar da kai. Inna ta ja hannun yayana muka fito.

Muka biyo ta Rimin Gado, inda wata 'yar bori ta turara shi da hayaƙi, ya yi ta tari, shi ke nan. A bakin kasuwa ne wani mai hannu ɗaya, cikin ayarin fatake, ya dubi tsayuwar yayana ya ƙame masa irin ta soja. Ashe shi ma tsohon soja ne. Suka zauna gindin rimi yana tambayarsa abin da ya gani a yaƙin, suna ta magana ƙasa-ƙasa, har na ji dariyar yayana. Na bi mutumin na ce, "Malam, don Allah wane magani ka sha?" Ya ce, "Wa ya gaya maka na warke?" Ayarinsu ya ɗaga, ya bi su.

Mun iso gida da la'asar sakaliya, mutane na ta sannu da hanya, ba wanda ya tambayi mai jiki, sun gani da idonsu. Abin da na koyo shi ne, kowa maganin da ke cikin jakarsa yake miƙo maka. Malam da likita da mai hayaƙi, ba wanda ya tambayi yayana abin da ya gani a can. Wanda ya tambaya kuwa, shi ma majinyaci ne, kuma ya wuce.

Shekaranjiya aka yi tsawa, yayana ya zabura, da ƙyar aka tare shi a bakin rijiya. Kawu ya ce a sa shi a turu. Ni na riƙe ƙafarsa ana sa ta cikin gungumen. Bai yi gardama ba, ya dube ni kawai ya ce, "A hankali, ƙanena."